Bindigogin Fenti Huɗu da Tukunyar Gwaggo Desanka

Na rantse ba za ka yarda da wannan labari ba. Ni kaina da abin ya faru a kaina, wani lokaci in na tuna sai in ce anya ba ƙarawa nake yi ba. Amma je ka ƙauyenmu, can kusa da Leskovac, ka ambaci sunan Zvonko a gaban kowace tsohuwa, ka ga yadda za ta ajiye abin da ke hannunta don ta ji daɗin yin dariya.

Ni ne Zvonkon. Makaranta a aji biyu na sakandare na bar ta, ba don ta fi ƙarfina ba, sai don malaman sun kasa bin gudun ƙwaƙwalwata. Akwai kuma wata 'yar magana ta akuya da aka tsinta a ofishin shugaban makaranta sanye da kwat ɗinsa, amma har yau ba wanda ya kawo shaida. Daga nan na tafi Jamus. Mutanen ƙauye suna cewa sati uku na yi ina wankin motoci aka sallame ni. To, a sati ukun nan na ga abin da su ba su gani ba a shekara sittin: manyan mutane masu tumbi suna biyan kuɗi a ba su bindiga su shiga daji su harbi juna da ƙwallon fenti. Ta bayan shinge na gani, ina cin burodi, amma gani ai gani ne.

A bayan ƙauyenmu akwai tsohon filin ƙungiyar manoma. Ciyawa har gwiwa, ga matacciyar tarakta, ga tayoyi a zube, ga rumfar kwano a gefe inda mata ke girkin taro. Majalisar ƙauye ta ce za ta ba da filin ga duk wanda zai amfane shi. Mu biyu muka nema: ni, da Dobrivoje makiyayi, wanda ke son ya zuba tumakinsa a ciki. Ka ji fa. Ni ina maganar kawo ci gaba, shi yana maganar kashin tumaki.

Na sami Kawu Milutin, shugaban majalisar, a gidan kofi. Dobrivoje na zaune kusa da shi yana warin tumaki.

Na ce, "Kawu, ka ba ni filin nan, cikin shekara guda za ka ga motocin Belgrade suna layi a ƙofar gidanka."

Ya ce, "Su yi mene ne a ƙofar gidana?"

"Su tambaye ka hanyar filin yaƙin fenti. Ni fa a Jamus kwamanda nake a wannan wasa."

Dobrivoje ya kurɓi kofinsa ya ce, "Kwamandan soso da bokiti."

Na ce, "Kai Dobri, kai da tumaki ke ba wa shawara, wa ya sa da kai?"

"Su dai ba a taɓa korarsu daga aiki ba."

Kawu Milutin ya buga tebur. Ya ce ranar Asabar in kawo kayan, shi da kansa zai gwada. In abin ya yi masa, filin nawa ne. In bai yi ba, tumaki su shiga.

Matsala ɗaya ce: ba ni da bindiga ko ɗaya. Na duba farashin sababbi a waya, na kashe wayar na sha ruwa. Sai na tuna cewa mai hankali ba ya fara sana'a da sabon kaya, na hannu ake nema. Na sayar da babur ɗina, na hau bas zuwa birnin Niš wurin wani Tihomir da ya rufe filin wasansa yana sayar da tarkace.

Mutumin kirki ne, abin da ya cuce ni ke nan. Ya shimfiɗa bindigogi huɗu a kan tebur a garejinsa, uku masu kyan gani, ɗaya baƙa mummuna duk ta kwarzane kamar an haƙo ta daga rami.

Ya ce, "Ɗan'uwa, ga gas a tukwanensu, mu fita baya ka gwada kowace. Kayan hannu ba a sayensa da ido."

To ni da na riga na gaya masa na horar da Jamusawa ɗari biyu, yaya zan yi in riƙe bindiga a gabansa ban san inda ake kunna ta ba? Na ɗaga hannu na ce, "Gwaji na 'yan koyo ne." Na ɗauki tukunyar gas na ƙwanƙwasa ta a kunne kamar mai zaɓen kankana. Na shinshina bakin bindiga. Na gyaɗa kai.

Ya dube ni ya ce, "Zobban robar ciki sun tsufa fa, sai ka canza su. Kuma ka shafa musu man da aka yi domin su."

"Na sani."

"Ƙwallayen nan kuma shekararsu uku a ɗaki. Kyauta na ba ka, amma da ni ne, sababbi zan saya."

"Na sani, na sani."

Abin rufe fuska biyu kawai gare shi. Na ce ba komai, a Jamus ma ƙwararru karɓa-karɓa suke yi. Ya taya ni sa kaya a buhu.

Na iso gida ranar Juma'a na tarar ƙauye duk hayaƙi. Lokacin tattasai ne, kowace mace tana gashi. Gwaggo Desanka, ƙanwar mahaifina wadda nake zaune a gidanta, ita ce uwar aikin ajvar, wato miyar gasasshen tattasai, a ƙauyenmu. Ita da maƙwabta biyar sun haɗa tattasansu, za su gasa su ɓare yau, gobe su niƙa su dafa a babbar tukunya a rumfar fili, su cika kwalaben da gidaje shida za su ci da burodi har sanyi ya wuce.

Ta ga buhu a kafaɗata ta ce, "Ina babur?"

Na ce, "Na mai da shi jari, Gwaggo."

"Jarin ne yake ƙara kamar tukwanen bola? Zo ka zauna ka taya mu ɓare tattasai."

"Hannun injiniya ba ya ɓare tattasai."

"Amma bakin injiniya yana cin ajvar da babban cokali."

Matan suka fashe da dariya. Na wuce ɗakina na yi kamar ban ji ba.

Na kira abokina Stanko mai walda muka warware bindigogin. Zobban roba kuwa sun bushe, taɓawa ɗaya suke marmashewa. Stanko ya ce sai an koma Niš. Na ce masa shi ya sa har yanzu yake haɗa ƙofofin kaji. Na lallaɓa kicin na kwaso jakar robobin da Gwaggo ke ɗaure leda a bakin kwalabe da su, na haɗa da kwalbar man girki. Duk inda zobe ya mutu na nannaɗa roba uku, na tsiyaya mai har yana ɗiga.

Stanko ya ce, "Zvonko, wannan bindiga ce ko salak?"

Na ce, "Roba roba ce, mai mai ne. Sauran duk dabarar 'yan kasuwa ce."

Uku na gyara. Baƙar mummunar ban ko taɓa ta ba, don na riga na san wa zan ba.

Saura ƙwallaye. Na matsa ɗaya na ji ta yi tauri kamar goro. Nan ne basirata ta kai ƙololuwa. Mata in sun gasa tattasai sukan zuba shi a baho su rufe, tururi ya sassauta fatar. Na jira suka tafi shan kofi, na zuba ƙwallayen a rariya na ɗora a kan baho na rufe da tawul. Kafin su dawo, ƙwallaye sun yi laushi, sun yi ƙiba, suna ƙyalli, kore shar gwanin sha'awa. Ragowar da rariya ba ta ɗauka ba, masu taurin, na ware su a gefe. Su ma na san wa zan ba.

Asabar da hantsi ƙauye ya tashi kaf ya zo fili. Wasu da kujerunsu. A rumfa an hura wuta tun safe, Gwaggo na tsaye a kan tukunya da muciya mai tsayin mutum, tana juyawa tana tambayar kowa wanda ya ga robobinta.

Na raba runduna: ni da Stanko a gefe guda, Kawu Milutin da Dobrivoje a ɗaya gefen. Kawu na ba shi wadda ta fi kowace tsada, mai batir. Dobri na miƙa masa baƙar da ƙwallaye masu tauri, ina cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mini. Abin rufe fuska ni da Kawu muka sa. Dobri ya kifa hular kwanon babur. Stanko ya sa ta walda.

Ya ce, "Zvonko, ba na ganin komai."

Na ce, "Haka ƙwararru ke horo. Ka bi sauti."

Na hau kan tarakta na yi wa jama'a jawabi kan dabarun yaƙi, na busa usur, na diro.

Bindigar Stanko ce ta fara. Bai ma taɓa kunama ba ta hau huci kamar maciji, farin hayaƙi na fita ta gindi, ƙanƙara na kama masa hannun riga.

Ya yi ihu, "Sanyi! Tana busa mini sanyi a hammata!"

Wata tsohuwa daga cikin 'yan kallo ta miƙe ta ce, "Ku rufe masa baya! Iskar nan ce ta kashe mijina!"

Stanko ya jefar da bindiga ya arce, kuma da yake ba ya gani, sai ya bi sauti kamar yadda na koya masa. Sautin da ya fi kusa na tumakin Dobri ne, da ke can bayan shingen fili. Can muka jiyo shi ya haɗu da shinge.

Na ce ba komai, kwamanda shi kaɗai ma runduna ne. Na durƙusa bayan taya, na saita Dobri, na ja kunama. Bindigata ta yi wani tari irin na tsoho, ta tofar da koren ruwa a kan takalmina. Na sake ja. Ta sake tofarwa. Ƙwallayen sun kumbura, suna fashewa tun a ciki. Na leƙa bakin in ga abin da ya toshe, sai ta yi atishawa a kan gilashin fuskata.

Wani ya yi kira daga baya, "Kwamanda ya harbi kansa! A Jamus maki nawa ne wannan?"

Na juya ina goge gilashi da hannun riga, na ba wa fili baya. Sai na ji tas! Wani abu ya same ni a mazaunai kamar an ɗana mini garwashi.

Baƙar bindigar nan, wadda ban taɓa ba, ita kaɗai ke aiki. Kuma ba aiki kawai ba, aiki irin na sabuwa. Dobri kuwa mutum ne da ya yi shekara arba'in yana jifan rago da tsakuwa daga nesa yana samun ƙaho. Ƙwallayen masu tauri ba sa fashewa, sai dai su daki mutum su yi tsalle.

Tas!

Na ce, "Dobri, an harbe ni! Doka ta ce ka tsaya!"

Ya ce, "Ban ga fenti ba! Kai ka ce sai an ga fenti!"

Tas! Tas!

Na zagaya tarakta sau uku ina riƙe da baya, jama'a na ƙirga mini. Duk wannan lokaci Kawu Milutin na tsaye a tsakiyar fili yana danna kunama, bindigarsa shiru, man girki ya danƙare mata ciki. Ya jijjiga ta. Ya buga ta a cinya. Ya buga ta a jikin taya. A bugu na uku ta farka, kuma da ta farka ba ta ga dalilin sake yin barci ba.

Tatatatata! Ta hau zubar da ƙwallaye ba tsayawa, wasu na fashewa a baki suna feshi, wasu na tashi sama. Kawu ya saki kunama, ba ta daina ba. Ya shiga juyi da ita yana kiran sunana, jama'a suka kwanta a ciyawa, kujeru suka kife. Matan rumfa duk sun fito kallo, har Gwaggo da muciyarta a hannu, ita da ba ta barin tukunya ko gobara ake.

Na ga dama ta in zama gwarzo. Na ruga na fizge bindigar daga hannun Kawu na ɗaga ta sama. Daidai nan Dobri ya sake samuna a wuri ɗaya. Na yi tsalle, hannuna ya sauko, bakin bindiga ya dubi rumfa, ta ƙarasa amayar da duk abin da ya rage a cikinta, sannan ta yi shiru.

Ba wanda ya ga inda suka faɗa, don a lokacin Kawu ya yi tuntuɓe da taya ya kife, kowa ya ruga kansa. Ni kaɗai na gani.

Na sulale na shiga rumfa. Ajvar na tafasa ja wur, aikin mata shida na kwana biyu, ga korayen ɗigo sun fi ashirin suna narkewa a samansa. Muciya na hannun Gwaggo. Na duba hagu na duba dama, na tsoma abin da ke hannuna na hau juyawa. Sai da na yi zagaye biyar na tuna cewa bakin bindigar ma cike yake da fenti. Na zare ta na cusa ƙarƙashin itace, na ɗauki wani reshe na ci gaba. Kore ya ɓace. Jan ma ya ɗan ɓace.

"Zvonko?"

Gwaggo ce a bayana, ta dafe ƙirji.

Na ce, "Na jiyo ƙauri ne, Gwaggo, na ce kada ya kama."

Ta juya ta kira sauran, "Ku zo ku ga abin mamaki! Ɗan yayana yana aiki ba a sa shi ba!" Ta karɓi juyi, ta ƙura wa tukunya ido. "Me ya sa ya yi duhu haka?"

"Inuwar kwano ce."

Aka shigo da Kawu Milutin ana kakkaɓe masa ciyawa. Na zaci zagi zan sha, sai na ga mutumin yana dariya har da hawaye.

Ya ce, "Kai yaron nan, rabon da in ji jinina ya motsa haka tun ina saurayi! Kayanka dai bola ne, amma wasan da daɗi. In ka gyara su, ina ganin filin nan..."

Dobri ya cire hular kwano, fuskarsa ta yi kamar an ce masa kura ta shiga garke. Ni kuwa na gyara tsayuwa, na manta da zafin baya, har na fara tunanin inda zan kafa allon suna.

Sai Gwaggo ta ce, "Shugaba, kafin ka yanke magana, ga ɗanɗanon farko."

A ƙauyenmu cokalin farko na tukunyar taro babban baƙo ake ba. Ta yanko burodi, ta shafa masa ajvar da kauri, ta miƙa masa da hannu biyu.

Na ce, "Kawu, da zafi fa. Ka bari sai gobe."

Ya ce, "Da zafinsa ya fi daɗi."

"Likita bai hana ka tattasai ba?"

Ya riga ya gatsa. Ya tauna sau ɗaya. Ya tauna na biyu a hankali. Idanunsa suka yi waje, gashin bakinsa ya karkace. Ya sa yatsa a baki ya zaro wani ɗan koren ɓawo mai santsi, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Stanko, wanda ya dawo daga wajen tumaki yana ɗingishi, ya zauna kan itace don ya huta, itace ya zame, bindiga ta gangaro tsakiyar rumfa, bakinta shafe da ajvar har rabi, robobin Gwaggo uku na reto a gindinta.

Kowa ya zuba wa bindigar ido. Tukunya kaɗai ke ɓul-ɓul.

Kawu ya dafe ciki ya ce, "Na ci fenti. Desanka, na ci fenti! Ku nemo mota!"

Na ga in ba a yi wasa ba har 'yan sanda za a kira. Na daka tsalle na tsaya gabansa. Na ce, "Kawu, kwantar da hankalinka! Wannan ba fentin bango ba ne. Ba guba a ciki ko kaɗan, ga shi nan a rubuce a jikin kwali, Stanko karanta musu! Da kayan abinci ake yin sa. Wallahi mutum zai iya cin sa safe da yamma, ba abin da zai same shi!"

Stanko ya karanta, ya ce haka ne, ba ya kisa.

Gwaggo ta jingina muciya a hankali. Ta ce, "Maimaita, ɗana. Safe da me?"

Na ja da baya na laɓe a bayan Stanko.

Kawu ya kurkure baki ya tofar, ya dubi Dobri ya ce, "Gobe ka kawo tumakinka." Dobri ya zo ya dafa kafaɗata, ya ce in ina son sayar da baƙar, shi yana so, saboda karnukan da ke damun garke.

Gwaggo ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce ranar Litinin zan je kasuwa in ɗauko sabon tattasai a bayana, ni zan gasa, ni zan ɓare, ni zan juya, su shida za su zauna a kujera su sha kofi su duba aikin injiniya. Na ce na yarda. Na juya zan fita.

Ta ce, "Ina za ka? Wannan tukunyar fa?"

Na ce, "A zubar mana, Gwaggo."

Matan shida suka dube ni kamar na zagi iyayensu. Ta ce, "A ƙauyen nan ba a zubar da abinci. Kwalba arba'in za ta yi, kuma duk sunanka zan rubuta a jiki." Ta jawo kujera ta dasa a gaban jama'a, ta ajiye burodi guda cur a kan tebur, ta ɗebo cike da babban cokali.

Na ce, "Gwaggo, ba zan iya zama ba. Dobri ya..."

Ta ce, "To ci a tsaye. Buɗe baki, kwamanda."